Ni Ce Na Ɓoye Makullin Ɗakin Kwamfuta

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja,
Kamfanin kayan gyaran tarakta da injinan ban ruwa,
Doka, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da fama da jama'a. Allah ya sa haka, amin.

Ba ka san ni ba. Sunana Rakiya, ina aji huɗu a makarantar 'yammata, gidanmu yana Badarawa. Ni ce ƙanwar Malam Hamza, shugaban ɗakin kwamfuta na kamfaninka, wanda ka ba takardar tuhuma ranar Litinin, wanda kuma kwamiti zai zauna a kansa ranar Alhamis mai zuwa, a duba ko za a cire shi daga aikinsa a mayar da shi sito. Ban rubuta sunan kamfanin ba, don ba tozarta kowa na zo yi ba. Kai dai za ka gane kanka, tunda masu kwamfuta a garin nan ba su da yawa. Sunayen abokan aikinsa kuwa aro na yi musu.

Za ka ce me ya kai ni jarida, ga ofis a buɗe. Wallahi na zo ofishin, har sau biyu. Zuwan farko na hau bene, sakatariyarka ta ɗago kai ta ce, "Yarinya, me kike so?" Sai na ji bakina ya ce, "Ruwa." Ta ba ni ruwa mai sanyi, na sha, na yi godiya, na koma gida. Zuwa na biyu ko maigadi ban wuce ba. Ni haka nake. Ko a aji, in malama ta kira sunana, muryata guduwa take yi ta bar ni a tsaye. Amma a kan takarda ina da baki. Takardar ma taku ce, bayan irin doguwar nan mai ratsin kore da injinku ke fitarwa, wadda Yaya yake kawo mana in an zubar da ita.

Laifi biyu aka rubuta masa. Na ɗaya, wai ranar Asabar da rana ya sallami mutanensa shida, ya kulle ɗakin kwamfuta ba da izininka ba. Na biyu, wai ranar Lahadi ka aiko direba gida, ya ƙi fitowa, ya kuma hana makulli. Na farkon ya amsa shi da kansa, ya ce ya yi, kuma in an maimaita zai sake. Na biyun ne ya kawo ni, domin ba shi ya yi ba. Amma kafin in kai can, ka yi haƙuri ka bi ni a hankali.

Na farko, maganar wa'adi.

Aikin da ka ba su, kamar yadda Yaya ya bayyana wa Inna tana tsince shinkafa, shi ne a koya wa injin ya riƙa faɗin kayan da ke kowane sito naku, daga Gusau har Yola, ba sai an yi ta buga waya ana jiran amsa ba. Yaya ya zauna da mutanensa, suka auna aikin, ya rubuto maka cewa wata huɗu zai ci. Na ga kwafin takardar da idona. Kai kuma da manyanku na Legas suka zo, ana cikin cin abincin rana, ka ce musu mako shida ya isa. Ba ka tambayi ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda za su yi aikin ba.

A littattafan da nake karantawa (na soyayya ne, na Turanci, irin na kwance da ake shimfiɗawa a bakin kasuwa, kuma Inna ba ta son su) jarumi yakan miƙe a gaban taro ya yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinsa. Nakan so shi don haka. Amma fa shi yake hawa dokin, shi ruwa yake duka, shi yake kwana biyu bai ci ba. Ban taɓa karanta wanda ya yi alkawari ya koma ofis mai fanka, ya ce wasu su je su cika masa ba.

Mako shida ya wuce, aiki bai ƙare ba, kamar yadda aka gaya maka tun farko. Aka shiga na bakwai. A duk tsawon nan ba su huta Asabar ba, ba su huta Lahadi ba. Masu zuwa coci ba su je ba. Masu zuwa masallacin Juma'a ana sallamewa suke rugowa da tabarma a hammata. Yaya ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Wata safiya na kai masa koko, na same shi ya sa takalmi ƙafa ɗaya, yana zaune yana barci da ɗayan a hannu.

Na biyu, maganar kallon rufi.

An ce ka shiga ɗakinsu wata rana ka tarar da Yakubu, ɗaya daga cikin masu rubuta wa injin umarni, ya jingina da kujera, fensir a baki, yana kallon sama. Ka ce, "Ashe abin da ake yi a nan ke nan?" Tun daga ranar ka sa a riƙa ƙirga katin da kowa ya fitar kafin a tashi, wato katin da ake ba injin umarni da shi.

Ranka ya daɗe, a nan kam ni gwana ce, ka saurare ni. Babu wanda aka yi wa faɗa a kan kallon sama kamar ni. Inna takan ce, "Rakiya, miya na ƙonewa, ke kina Ingila." Gaskiyarta, wani lokacin ina can. Amma wani lokacin lissafin da ya gagare ni a aji ne yake warwarewa a kaina, kuma daga waje duk kama ɗaya suke. Yaya ya ce rabin aikinsu a kai ake yinsa, kafin fensir ya taɓa takarda. Da ka sa ƙirgar kati, kowa ya daina tunani ya kama rubutu. Kati ya yi yawa, ka ji daɗi. Injin kuwa ya fara fitar da shirme: kowane sito aka tambaye shi, sai ya lissafo kayan sito na Kano. Mako uku suna neman inda kuskuren ya ɓuya.

Da abin ya ƙi, ka turo musu 'yan tafireta huɗu daga ofishin ƙasa su taya su. Mutanen kirki ne, amma ba su taɓa ganin aikin ba. Kwana biyar Yaya ya yi yana koya musu maimakon nasa aikin, kujeru ma ba su isa ba, daga baya aka mayar da su inda suka fito.

Na uku, maganar jan layi. Wannan ina so masu karatu su gane ta, don ni ma sai da aka nuna mini.

Injin ba ya karanta takarda. Su Yakubu su rubuta umarni da fensir a takarda mai gida-gida. Sai Saratu da abokiyar aikinta su buga shi a wani inji mai kama da tafireta, wanda yake huda kati, layi ɗaya kati ɗaya. A jera katunan a dogon tire na ƙarfe, su kai dubu biyu, injin ya haɗiye su bi da bi. In ɗaya ya bar gurbinsa, komai ya rikice. Shi ya sa suke da wata al'ada: in an gama jerawa, sai a ɗauki jan alƙalami mai kauri a ja layi a karkace a saman jerin, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ko da katunan sun zube, kana mayar da su kana duba layin, duk wanda ya kauce za ka gan shi. Kuma duk sanda aka canza kati da yawa, sai an sake jan sabon layi da wata kala.

Ka gan su suna yi, ka ce su bar zanen yara, lokaci na tafiya. Suka bari.

Ranar Laraba ta mako na bakwai, Saratu ta ɗauko tiren za ta sauka da shi. Yarinyar da a da take hawa benen nan da gudu tana waƙar coci. Jiri ya ɗebe ta a mataki na huɗu. Allah ya kiyaye, ita gwiwa kawai ta kuje. Katunan kuwa suka watse har ƙofar maigadi, ba layi, ba alama. Kwana uku mutum shida suna durƙushe a ƙasa suna gwada kati da takarda ɗaya bayan ɗaya. Layin da ka hana bai kai minti ɗaya ba.

Na huɗu, wata shaida da ni kaɗai nake da ita.

Katunan da suka lalace Yaya yakan kwaso mana. Inna tana hura wuta da su, ni kuma ina sa su a littafi don in gane inda na tsaya. Injin hudawa yana buga abin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a saman kowane kati, yawanci lambobi ne da Turancin da ba na mutane ba. Wata rana ina cikin karatu, daidai inda likita zai gaya wa nas abin da ke ransa, idona ya faɗa kan katin da ke hannuna. An buga: SARATU KIN CI ABINCI.

Na ajiye littafin. Na zazzage buhun katin Inna gaba ɗaya.

Ashe akwai wani layi da mai rubutu yake iya sakawa don tunatar da kansa, injin ba ya kula shi. Yakubu ya fi ni kunya, bai iya yi mata magana ido da ido ba. Sai ya riƙa sa saƙonsa a irin wannan layi, ita kuwa aikinta ta buga duk abin da aka rubuta, don haka da yatsunta take buga wasiƙar da aka aiko mata. Na samu guda tara. Akwai ƊANKWALIN YA YI KYAU. Akwai ZAN RAKA KI TASHAR BAS. Wallahi duk littattafan da ke ƙarƙashin katifata babu wanda ya kai waɗannan. Kada ka ce za ka tuhume su da ɓarnar kati, guda tara ne, kuma iyaye sun riga sun shiga maganar, Saratu ma da kanta ta ce in rubuta.

Abin da nake so ka sani shi ne, daga mako na uku saƙonnin suka ragu. Daga na biyar babu ko ɗaya. Na bi buhu biyu kati-kati. Mutumin da ya gaji har ya kasa tambayar yarinyar da yake so ko ta ci abinci, ta yaya zai gano kuskure ɗaya a cikin kati dubu biyu?

Kuma ga wani abu. Duk wata injiniya yana zuwa ya kashe injin yini guda cur, ya share shi, ya sa masa mai, ba ka taɓa cewa uffan ba. In ɗakin ya ɗauki zafi, kashe shi ake yi har ya huce. Shi aka sa wa iyakwandishan, mutanen suna ɗakin gefe da fanka ɗaya mai kuka. Ni ban ce a hana injin hutunsa ba, bawan Allah, yana ƙoƙari. Cewa na yi a haɗa da su.

Na biyar, Asabar da Lahadi. Ga inda laifina yake.

Ranar Asabar aka gama jera katunan. Yaya ya ɗauki jan alƙalami da kansa ya ja layi. Ya dubi mutanensa, ya ga mai kula da injin ya sa tire a juye sau biyu. Ya hau ofishinka, aka ce ka tafi ɗaurin aure Zariya. Ya bar maka takarda a tebur, ya dawo ya ce musu, "Kowa ya tafi gida. Kada in ga ƙeyar kowa sai Litinin. In an tambaya, ni na ce." Yakubu ya ce, "Oga, za su ci ka fa." Ya ce, "To, su ci ni da ƙoshin barci."

Ya iso gida kafin la'asar. Inna ta fito tana salati, ta zaci korar sa aka yi, don ta manta yadda yake da rana. Ya ci tuwo malmala uku. Ya ajiye makullin ɗakin kwamfuta a kan rediyo.

Ranar Lahadi da hantsi yana barci, barcin da rabonsa da shi mako bakwai. Inna ta tafi barka Unguwar Shanu. Ina zaure ina karatu sai na ji mota ta tsaya, aka yi ham. Na leƙa, na ga Malam Ado direbanka. Ban yi shawara da kowa ba. Na koma ɗaki a guje, na ɗauke makullin daga kan rediyo, na cusa shi cikin littafina, na rungume littafin, na fito.

Malam Ado ya ce, "'Yammata, Malam Hamza na ciki?" Na ce yana barci. Ya ce, "Tashe shi, Manaja na kira." Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. Ya ce, "To ko makullin ki karɓo mini, sai in bi in kwaso sauran ma'aikatan." Na ci gaba da kallon yatsuna. Ya ce, "Ke kurma ce?" Na girgiza kai. Ya yi dariya ya ce, "Kurma ba ta girgiza kai." Ya jira, ya sha ruwan randa, ya sake yin ham sau biyu, Yaya ko motsi. Daga ƙarshe ya ce, "Allah ya shirye ki," ya ja mota. Yau ne karo na farko da kunyata ta yi wa wani amfani, na ce a raina, ina ta jin kaina kamar wata jaruma a babi na ƙarshe.

Ban gaya wa Yaya an zo ba. Na mayar da makullin kan rediyo kafin ya tashi. Bai san komai ba sai da ya karanta a takardar tuhuma. Ya dawo gida ya kira ni, na faɗa masa gaskiya ina kuka. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce, "A wane shafi kika sa shi?" Na ce na ɗari da goma sha biyu. Ya ce, "To ki ƙarasa littafinki." Na roƙe shi ya rubuta a amsarsa cewa ni ce. Ya ce shi ba zai tsaya gaban kwamiti ya ɓuya a bayan ƙanwarsa ba. A amsar da ya ba ka, a ƙarƙashin laifi na biyu, bai rubuta komai ba. Ka ɗauka taurin kai ne. Ni yake rufa wa asiri.

Malam Ado shaida ne. Ka tambaye shi ko ya ga Yaya da idonsa, ko kuwa wata yarinya ya gani rungume da littafi mai hoton nas a bango.

Na shida, kuma gajere ne. Ranar Litinin suka dawo. Yakubu ya zauna, ya sa fensir a baki, ya kalli rufi. Kafin a kawo shayin ƙarfe goma ya miƙe ya je ya zaro kati ɗaya daga tsakiyar tire, tsohon kati ne da ya kamata a cire tun tuni, shi yake mayar da komai Kano. Abin da suka nema mako uku. Kafin azahar injin ya faɗi kayan Gusau daidai. Bayan azahar masinja ya kawo wa Yaya takardar tuhuma.

Ba zan yi maka ƙarya in ce aiki ya ƙare ba. Yaya ya ce da sauran mako takwas ko tara, wato dai wata huɗun nan da ya faɗa tun farko.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ka soke laifi na biyu, tunda mai shi ta bayyana. In akwai hukuncin da ake yi wa wadda ba ma'aikaciya ba, ina gida kullum bayan ƙarfe biyu, sai dai ranar Talata muna da wasanni.

Laifi na farko kuma, kafin kwamiti ya zauna, ka sauka ɗakin ka dubi gwiwar Saratu, ka dubi takardar Gusau, sannan ka yanke ko mutumin da ya kulle ƙofar nan ɓarna ya yi maka ko gyara. In ka tura shi sito, wanda zai gaje shi ya riga ya koyi darasi: ba zai taɓa ce maka a'a ba, ko da tire na biyu zai zube.

Ka buga wa manyan Legas waya ka gaya musu wa'adin gaskiya. Na san da nauyi. Ni da na kasa ce wa sakatariya komai sai ruwa, ba ni zan raina nauyin magana ba. Amma ka ga, na rubuta wannan, kuma gobe duk 'yan ajinmu za su karanta, har da Inna za a karanta wa, ta gane inda buhun katinta ya tafi.

Ka mayar musu da Lahadinsu da yammacin Asabar. Ka bar su su ja layinsu. In ka ga wani yana kallon rufi, ka ja ƙofa a hankali.

Jiya Yaya ya kawo sabon tarin kati. Na riga Inna zuwa. Can ƙasa na samu ɗaya, wanda aka huda ranar Litinin, an yi kuskure a lambar gefe shi ya sa aka yar. An buga: SARATU YAYA GWIWAR. Yana cikin littafina yanzu, a shafi na ɗari da goma sha biyu, inda makullin ya bar tabo. In ka ce in kawo maka ka gani, zan kawo. Wannan karon in sakatariya ta tambaye ni me nake so, zan miƙa mata katin kawai.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya ba ka ikon yin adalci ranar Alhamis, ya albarkaci kamfaninka da masu yi masa aiki. Allah ya ba ka barci mai daɗi irin wanda Yaya ya yi ranar Lahadin nan, ya kuma ba ka wanda zai tsare maka ƙofa.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Rakiya, ƙanwar Malam Hamza,
Badarawa, Kaduna.